Agwagwar da ke fito da dare a fadamar Nguru: duka kirinjijiya ce?

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka a raba mana gardama. A bakin ruwan da ke tsakanin Nguru da Haɗeja, yanzu da muke cikin Disamba, akwai garken agwagin daji da ke yini a kan wani tudun laka, za su fi ɗari uku. Da magariba sai su tashi rukuni-rukuni suna fito kamar yara, har tsakar dare ana jin wucewarsu ta saman gari. Mutanen wurin kirinjijiya suke ce musu gaba ɗaya. Amma in ka ƙura ido ba iri ɗaya ba ne. Yawancinsu fuskarsu fara ce, ƙeya baƙa. Wasu fuskar ta yi dusu-dusu kamar an shafa mata toka. 'Yan kaɗan kuma babu fari ko ɗigo a fuskarsu, jikin duk ruwan zuma. Can cikin ruwa kuma ga wasu ƙanana da ba sa tsayawa a tudu kamar sauran, in sun tashi sai ka ce an harba kibiya.

Wani ya ce masu farar fuska su ne maza, masu dusu-dusu mata. Haka ne? Me zan duba in tabbatar? Sannan su ne ke cin shinkafa da dare, ko ɗora musu laifi ake yi?

Malam Na-Baturiya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya ce maka maza ne da mata ya yi kuskure. A kirinjijiya namiji da mace kamarsu ɗaya, ido ba ya raba su daga nesa. Abin da ka gani aƙalla tsuntsu iri uku ne, ɗaya daga ciki kuma manya ne da 'ya'yansu.

Mai farar fuska ita ce kirinjijiya ta ainihi, wadda wasu ke ce wa wishi-wishi saboda kukanta, a littattafan kimiyya kuma Dendrocygna viduata. Tsawonta daga baki zuwa wutsiya santimita 38 zuwa 48, ka ce kamu ɗaya, nauyinta daga rabin kilo zuwa wajen giram 800. Bi ta daga sama zuwa ƙasa: gaban kai har bayan ido fari, ƙeya da bayan wuya baƙi wuluk, da ɗan fari a maƙogwaro. Gindin wuya da ƙirji ja ne mai duhu, ruwan goro. Kwiɓinta na da siraran ratsi baƙi da fari a jere, kamar saƙi. Tsakiyar ciki har ƙarƙashin wutsiya baƙi. Baya ruwan ƙasa. Baki baƙi da ɗan toka-toka kusa da tsini, ƙafa ruwan toka.

Sai dai duk wannan sai kana kusa, kuma haske ya yi maka daidai. Daga nesa tsayuwarta za ka fara dubawa. Kirinjijiya doguwar ƙafa gare ta da dogon wuya, tana tsayawa a miƙe, ƙirji a sama, ba ta yin kwanciyar agwagwar gida. In garke ya ji motsi, sai duk su miƙe wuya lokaci guda, fararen kawuna a jere. Ko ta cikin hazo wannan siffa ba ta ɓacewa. Kuma in ka ga biyu sun fuskanci juna, kowace tana tsefe wa 'yar'uwarta gashin kai da wuya, wannan ɗabi'arta ce sosai.

Masu fuskar toka 'ya'yan bana ne. Lissafa da kanka. Da damina take yin sheƙa, a ƙasa cikin doguwar ciyawa kusa da ruwa, ƙwai kamar 6 zuwa 12. Uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci kwana 26 zuwa 28. Bayan ƙyanƙyasa sai 'ya'yan sun yi wajen sati takwas kafin su tashi. Ƙwan da aka saka a Agusta ke nan sai wajen Nuwamba zai shiga garke da fiffikensa. A Disamba jikinsa ya kai na manya, amma fuskar ba ta gama washewa ba, baƙin ƙeyar bai yi ƙirin ba, jan ƙirjin ma bai nuna ba. Ka sake duba garken nan da wata biyu ko uku, za ka ga masu fuskar tokar sun ragu ba tare da garken ya ragu ba.

Akwai wani abu da ke ƙara rikita mutane. Babba ma fuskarta kan yi datti. Tana cusa kai cikin laka tana neman 'ya'yan ciyawa, to in lakar ja ce ko ruwan na da tsatsa, farin sai ya rine ya koma ruwan ƙasa ko ja-ja. Yadda za ka raba ta da ƙarama: a babba, iyakar da ke tsakanin fuska da baƙin ƙeya tana nan a yanke tsaf ko da farin ya ɓaci, ƙirjin kuma ja sosai. A ƙarama launukan sun narke cikin juna, babu iyaka.

Masuncin Marma:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni dai abin da zan ƙara, a nan ji ne ya kori gani. Kirinjijiya fitonta gaɓa uku ne, siriri, mai tsabta: wi-wi-wiyu, ta ƙarshen ta ɗan ja ta sauka. Tana yi a tsaye, tana yi a sama, dare da rana. Ita kuwa waccan mai ruwan zuma gaɓa biyu take yi, kamar ki-wiyu, da ɗan kaushi. In garke ya wuce da dare ba ka ganin komai, tsaya ka ƙirga gaɓa. Uku, kirinjijiya. Biyu, 'yar'uwarta. Sau da yawa za ka ji duka biyun a garke ɗaya, don tare suke yawo.

Ƙananan nan masu gudu ba sa fito sam. Baƙin hunturu ne.

Malama Mai Ƙidaya:

Sannunku da ƙoƙari. Bari in ɗauki sauran, tunda Malam Na-Baturiya ya gama da ta farko.

Mai ruwan zuma dangin kirinjijiya ce na kusa, Dendrocygna bicolor. Ta ɗan fi ta girma, santimita 45 zuwa 53, tsayuwarsu kuma iri ɗaya, shi ya sa ake haɗa su a suna. Kai, ƙirji da ciki duk launi ɗaya ne, tsakanin zuma da makuba. Akwai baƙin layi da ya sauko daga ƙeya ta bayan wuya. A kwiɓi ba ta da siraran ratsin nan, sai dogayen gashi masu ruwan madara da suka kwanta kamar an ja da alli. Babbar shaida tana fitowa ne in ta tashi: a saman gindin wutsiyarta akwai fari mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Kirinjijiya ba ta da shi, bayanta duhu ne har ƙarshe. Saboda haka in garke ya tashi ya ba ka baya, gindin wutsiya za ka duba, ba kai ba. Ita ce kuma ta fi yawan nutso, ko da yake kirinjijiya ma takan nutse.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ƙaramar kirinjijiya a ce mai ruwan zuma ce, don dukansu ba su da farar fuska. Duba kwiɓi da ciki. Ƙaramar kirinjijiya tana da ratsi a kwiɓi ko da bai fito sosai ba, jikinta kuma ya fi duhu. Mai ruwan zuma cikinta haske ne, babu baƙi.

Ƙananan da ke cikin ruwa, a wannan wata kuma a wannan wuri, mafi rinjaye ita ce wadda littattafai ke kira gargani, Spatula querquedula. Ba a nan take haihuwa ba. A Turai da arewacin Asiya take sheƙa, ta ƙetare Sahara ta iso wajen Oktoba, ta koma wajen Maris. Hadeja-Nguru, Tafkin Chadi, Tafkin Fitri da fadamun Kogin Kwara a Mali suna cikin manyan masaukanta. Tsawonta wajen santimita 40 ne, amma ba ta da nauyin kirinjijiya, ƙafarta gajera, wuyanta gajere, tana zama a ruwa a kwance. A Disamba maza da mata duk sun yi kama, ruwan ƙasa dabbare-dabbare, da layi mai duhu da ya ratsa ido da mai haske a samansa. Sai wajen Fabrairu namijin ke fito da adonsa: farar gira mai faɗi da ta taso daga saman ido ta lanƙwasa har bayan wuya. A nan ne wasu ke cewa sun ga kirinjijiya ƙarama. Gira ce fara, ba fuska ba.

Tashinsu kuwa ko kusa bai yi kama ba, kuma nan ne ya fi sauƙi. Kirinjijiya fiffikenta faɗi ne, bakinsa a zagaye, duhu sama da ƙasa, babu fari ko kaɗan. Tana kaɗa shi a hankali, wuya ya ɗan sunkuya, ƙafafu sun zarce wutsiya, sai ka ga kamar tana da doro. Gargani fiffikenta tsini ne, tana kaɗa shi da sauri, garken a dunƙule yana juyawa tare, cikinta fari, kafaɗar namiji toka mai haske, ƙafa ba ta leƙowa. In a cikinsu ka ga wata mai dogon siririn wuya da tsinin wutsiya, wannan wata baƙuwar ce ita ma daga arewa, Anas acuta, ta fi gargani girma sosai.

Wasu biyu kuma ba ka ambata ba, amma suna wurin, kuma dukansu suna da fari a kai.

Ta farko 'yar mitsitsiya ce, wajen santimita 30, ba ta rabuwa da inda bado ya rufe ruwa, don 'ya'yansa take ci. Namijin fuskarsa fara ce fat, da koren tabo a gefen kai, baki gajere ruwan ɗorawa, kwiɓi ja-ja. Bibbiyu ko 'yan kaɗan ake ganinsu, ba ɗaruruwa ba, in sun tashi ƙasa-ƙasa suke bi, da farin tabo a fiffike. Nettapus auritus ke nan.

Ta biyu, Sarkidiornis melanotos, babba ce, santimita 56 zuwa 76, kai da wuya fari da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an watsa tawada, ƙirji da ciki fari, baya baƙi mai sheƙi. Namijin na da ƙululun nama a saman baki, wanda ke kumbura da damina ya motse da rani. Matsalar macen ce: ba ta da ƙululu, kuma ta fi namijin ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai a gan ta cikin garken kirinjijiya a ɗauka ita ce. Ƙirji ne zai raba maka. Nata fari, na kirinjijiya ja. Tana kuma hawa bishiya, har takan yi sheƙa a kogo.

Dinya ba sai an faɗa ba. Tsuntsun da ke kai kilo biyar ko shida, da jan baki da ƙaya a gwiwar fiffike, ba wanda zai haɗa shi da kirinjijiya.

Ɗan Fadama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci zancen. Sai dai a aikace ba sa bari a matso, ga hazo, ga kacala ta tare gaba. Hoton waya kuma baƙin ɗigo kawai yake fitarwa. Malama, yaya ake yi a gani da kyau, kuma yaya ake ƙirga garke irin wannan? Maganar shinkafa ma har yanzu ina jira.

Malama Mai Ƙidaya:

Lokaci da wurin tsayawa sun fi kayan aiki muhimmanci. Ka je daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, ko bayan la'asar. Da tsakar rana zafi kan sa iskar saman ruwa ta riƙa rawa, komai sai ya narke. Rana ta kasance a bayanka: da safe ka tsaya gabas da su, da yamma ka tsaya yamma da su. In ka fuskanci rana, fari da ja da ruwan zuma duk baƙi za su zame maka. Baƙin ɗigon hotonka daga nan yake.

Wajen matsowa, kada ka nufe su kai tsaye. Bi ta gefe kamar mai wucewa, a hankali, da tufafi marasa haske. Su za su gaya maka iyakarka: da zarar sun miƙe wuya gaba ɗaya fiton ya ƙaru, tsaya cak, ka tsuguna. Bayan 'yan mintoci za su mayar da kai cikin gashi, sai ka ƙara 'yan taku. In ka ci gaba da tafiya bayan sun miƙe wuya, tashi za su yi, kuma tashin banza yana cinye musu ƙarfi. Kwalekwalen da aka saba gani yana wucewa ya fi mai tafiya a ƙasa samun kusanci. Ka kuma lura da zakaran ƙeƙuwa, shi ne ɗan tsegumin bakin ruwa. In ya fara ƙara, kowa ya san ka iso.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa. Takwas ɗin yawan kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Mai 10 ko 12 ya fi jawo abu kusa, amma a cikin jirgi rawar hannu da ta ruwa za su hana ka ganin ratsin kwiɓi. Da waya kuwa, kada ka ja hoton har ƙarshe, fashewa yake yi. Taɓa kan tsuntsun a fuskar wayar, ka ɗan rage haske don kada farin fuska ya ƙone. Abin da ya fi hoto amfani shi ne bidiyo na daƙiƙa 20 ko 30 lokacin da suke tashi da magariba. Zai kama fiton, ya kama yadda suke kaɗa fiffike, waɗannan biyun kuwa sun isa shaida.

Ƙidaya: kada ka fara ɗaya, biyu, uku har ɗari uku, za ka ɓace a tsakiya. Ƙirga goma da kyau daga gefe ɗaya, ka riƙe faɗin da suka ci a idonka, sai ka riƙa auna sauran garken da wannan faɗin, goma-goma. In sun kai dubbai, ka auna da hamsin ko ɗari. Tsakiyar garke ya fi gefe cunkoso, shi ya sa sabon mai ƙidaya yakan rage adadi, ba ya ƙarawa. Yi sau uku ka ɗauki na tsakiya. In ku biyu ne, kowa ya ƙirga nasa shiru, sannan ku gwada. Fara da jimillar garken, daga baya ka bi ka tsinci 'yan tsirarun, wato masu ruwan zuma da sauransu, ka cire. Waɗanda kacala ta ɓoye kuwa kada ka ƙiyasta su, rubuta abin da ka gani, ka ƙara da cewa wani sashe a rufe yake. Rubuta rana, lokaci, wuri da yanayin hazo a take, ba sai ka koma gida ba. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci guda, don a lokacin baƙin sun zauna wuri ɗaya.

Kacalar da ta tare maka gaba ba ƙaramar magana ba ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa fadamar ya canja. Wuraren da a da suke cika su bushe yanzu ruwa na kwana a cikinsu shekara, ita kuwa kacala abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye filin da tsuntsu ke sauka. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a 2000. In kana son fili buɗaɗɗe don koyon raba su, gwada Dagona a ƙasar Bade ko Baturiya a Jigawa. Na Nijar kuma ga tafkin Madarumfa kusa da Maraɗi.

Baba Sarkin Noma:

Yaro, zancen shinkafa nawa ne. Suna ci, ba ƙarya aka yi musu ba, amma ba kowane lokaci ba, kuma ba kowace ɓarna ce tasu ba.

Asalin abincinta 'ya'yan ciyawar ruwa ne, irin su burgu da bado, da 'yan ƙwari da ƙananan dodon koɗi. Shinkafa sau biyu take shiga hannunta. Na farko lokacin shuka, in an yi yafi a kan ruwa marar zurfi. Irin na kwance a kan laka, garke ya sauka da dare ya tsince, wanda bai ci ba ya tattake. Na biyu dab da girbi, in shinkafar ta kwanta cikin ruwa. Wadda ke tsaye a busasshiyar ƙasa ba ta cika damunta ba, don sai da ruwa take jin daɗin kiwo.

Kafin ka ɗora laifi, je gonar da asuba ka karanta ƙasa. Agwagwa na barin sawu mai fata tsakanin yatsu, da gashi a kan ruwa, da kashi, da wuri guda da aka turmushe. In kuwa zangarniya na tsaye amma an tsotse ƙwayar tun tana madara, aikin jan-baki ne, shi kuma da rana yake zuwa. Kama da wane ba ta wane.

Magani: dashe ya fi yafi. Shukar da ta yi sati uku a gadon reno ta wuce a tsince ta. In dole sai yafi, a janye ruwan har iri ya kama ƙasa, a yi gadi daren farko-farko da fitila da gwangwani, a riƙa sauya musu wuri, don in abin tsoro ya daɗe a waje ɗaya sabawa suke yi. Wajen sati biyu kafin girbi a tsane gonar, hakan ma ya fi wa shinkafar. Kada a zuba taki mai yawa a makare, shi ke sa ta yi tsawo ta kwanta. Guba kuwa a bar ta. Iri mai guba ba ya zaɓen baki, ruwan zai kai ta ga kifi da dabbobin da ke sha, tsuntsun da ya mutu kuma wani zai tsinta ya kai kasuwa.

Malam Na-Baturiya:

Baba ya gama magana. Abu biyu kawai zan ɗora.

Bayan haihuwa kirinjijiya kan zubar da dogayen gashin fiffike gaba ɗaya, ta yi wajen sati uku ba ta iya tashi. A lokacin takan shige cikin ciyawa mai kauri, in an matsa mata ta nutse ko ta yi iyo ta gudu. Wanda ya gan ta haka kada ya ɗauka ciwo ne ko wani iri ne daban.

Amma in ka tarar da matattu da yawa wuri ɗaya, ko wata tana juya wuya ta kasa tsayawa, kada ka taɓa da hannu, kada ka kai gida kusa da kaji, ka sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. A 2007 an gwada tsuntsayen wannan fadama, aka sami ƙwayar murar tsuntsaye a jikin kirinjijiya da dinya waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau. Masu kiwon agwagin gida a bakin ruwa su fi kowa kula, kada su bar nasu suna cuɗanya da garken daji.

In ka ɗauko bidiyon magaribar, sa shi a nan da sautinsa, kada ka ɗora masa waƙa. A ƙirga gaɓar fiton tare, a duba gindin wutsiya.